Yaya Mai Zare da Makullin Banɗakin Kasuwa

Yayar matata ce, shi ya sa nake ce mata Yaya, ko da yake shekara biyu kacal ta ba ni. A kasuwa kuwa Mai Zare ake kiranta, don zare take sayarwa, da allura da maɓalli da zif, a rumfa ta uku in ka shiga layin teloli. Ni kuma a lokacin ni ne sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa. Shekara goma sha huɗu na yi a kan kujerar nan, kuma babu wanda ya hana ni sakat kamar ita. Gara in faɗi gaskiya tun da wuri: a yawancin labarin nan ba a bayanta nake ba.

Ita ce babba a cikin su bakwai. Mahaifinsu gyaran keken ɗinki yake yi. Tana aji biyar na firamare mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, sai ta ajiye littafi ta ɗauki gida. Matata takan ce Yaya ce ta yi mata wanka, ta yi mata kitso, ta kuma yi mata duka, duk da hannu ɗaya. Da ta yi aure, direban babbar mota ta aura, mutum mai sanyi wanda sai ka yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya. Shi yana hanya sati biyu, yana gida kwana uku. Zaman jira bai karɓe ta ba, sai ta jera zare a faranti tana bin teloli shago shago. Daga faranti ta koma teburi, daga teburi ta samu rumfa. A rumfar nan ta raini 'ya'ya huɗu.

Mace ce 'yar siririya, amma murya gare ta kamar an buga kwano. Ba ta iya rarrashi ba. In tela ya zaɓi zaren da bai dace da yadinsa ba, sai ta ƙwace ta ce, "Je ka kawo yadin in gani. Ba za a ɓata rigar mutane da zarena ba."

A bayan ofishinmu akwai banɗaki shida. Ɗaya daga ciki, na ƙarshen, an taɓa rubuta "Mata" a jikinsa da fenti. Ƙofarsa ta ɓalle tun kafin in zama sakatare, sai masu shara suka mayar da shi wurin ajiye tsintsiya da baro. Kullum ina wucewa ta gabansa, ban taɓa tambayar kaina ina matan kasuwa suke zuwa ba, alhali sun fi mu yawa. Daga baya na ji yadda suke yi. Ba sa shan ruwa daga safe har la'asar. Wadda ta matsu sai ta bar kayanta ta je ta roƙi arziki a gidajen da ke bayan kasuwa, wani gidan a buɗe mata, wani a ce masu gidan ba sa nan.

Kusa da rumfar Yaya akwai wata matashiya mai sayar da robobi, tana da tsohon ciki. Wata ranar kasuwa mutane sun cika gabanta, ba wanda zai tsare mata kaya, ta yi ta daurewa har abin ya fi ƙarfinta. Tana tsaye tana miƙa wa wani roba, fitsari ya ƙwace mata. Yaya ce ta fara gani. Sai ta sunkuci bokitin ruwan da ake yayyafa wa ƙasa, ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ta sheƙa shi a jikinta da na mai robobin, har da mai sayen robar. Ta hau zagin dutsen da bai taɓa ta ba, mai saye ya hau zaginta, hankalin kowa ya koma kanta. Amma wasu sun riga sun gani, an kuma yi dariya. Mai robobi ta tattara kayanta a ranar. Ba ta sake zama a kasuwar ba.

Da jiƙaƙƙen zanen nan Yaya ta shigo ofishinmu. Muna zaune mu biyar da Ciyaman, wani babban dillalin siminti mai son a yi komai a hankali. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, tambaya na zo yi. A ina kuke so mu riƙa yin fitsari?"

Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ma'aji ya ƙware da shayinsa. Ciyaman ya gyara zama ya ce, "Haba, baiwar Allah. Ai wannan ba maganar da za a yi a gaban maza ba ce."

"To a nuna min macen da ke cikinku in yi a gabanta."

Ciyaman ya juyo gare ni ya ce in rubuta. Na buɗe littafin taro na rubuta: Batun banɗakin mata, za a duba.

Litinin ta gaba ta dawo. Wadda ta biyo baya ma ta dawo. Takan bar rumfa a hannun maƙwabciyarta, ta zauna a bencin ƙofar ofis da kwalin maɓallai a cinya tana ware manya da ƙanana, har mu tashi daga taro. Duk wanda ya fito sai ta gaishe shi da ladabi ta ce, "An duba?" Wata bakwai tana haka. Har ta kai wasunmu suna fita ta ƙofar baya.

Ni ba ni da ƙofar baya, tun da a gida ma ina gamuwa da ita. In ta zo wajen ƙanwarta ba ta taɓa ɗaure min fuska. Sai an zauna ana cin abinci, na kai loma ta farko, ta ce, "Sakatare, idon naku bai warke ba har yanzu?" Matata ta sunkuyar da kai tana dariya a cikin mayafi. Wata rana na ce wa matata ta ja wa yayarta kunne, tana zubar min da mutunci a gaban abokan aiki. Ta dube ni ta ce, "Kai ka ja mata. Ni na san hannunta."

A wata na takwas Yaya ta canza magana. Ta ce ba ta neman a gina musu komai. Akwai wani kango a kusurwar kasuwa inda ake zubar da shara, a ba su shi kawai. Ciyaman ya ga hanyar rabuwa da ita ta samu, nan take ya amince. Bayan ta fita ya ce mana, "Ku bar su. Kwana biyu za su gaji."

Ba su gaji ba. Kwana tara suna kwashe sharar nan da kwanduna, in an tashi kasuwa, kafin kowace ta wuce gida ta ɗora tukunya. Yaya ta bi rumfa rumfa ta ce kowace mace bulo biyu, wadda ba ta da hali ta kawo ruwa. Wata mai sayar da sabulu mijinta magini ne, ta sa shi a gaba har ya yarda ya yi musu aikin a ranakun hutunsa. Mijin Yaya, wanda muke kira Direba, ya kawo yashi mota biyu, ya juye, ya tafi bai ce wa kowa uffan ba. Na taɓa wucewa na ga Yaya da kwanon kwaɓi a ka, ƙafarta duk siminti, tana faɗa da maginin wai taga ta yi ƙasa, mai wucewa zai leƙa. Sai da ya rushe layi biyu ya ɗaga ta. Cikin wata uku ɗaki huɗu suka tsaya, da ƙofofin ƙarfe, da randa biyu a tsakar wurin.

Ranar buɗewa mu ne a gaba. Ciyaman ya yanka ƙyalle, ya yi jawabi a kan yadda ƙungiya ke kula da iyayenmu mata. Washegari kwamiti ya zauna ya ce duk ginin da ke cikin kasuwa na ƙungiya ne, don haka ƙungiya ce za ta naɗa mai kula da shi. Aka naɗa wani ƙanen ma'aji, aka ba shi kwaɗo da makulli da kujera. Da hannuna na rubuta wannan ma.

Mutumin ba mugu ba ne, amma namiji ne zaune a ƙofar banɗakin mata. Duk wadda ta zo sai ta tsaya a gabansa ya laluba aljihu. In zai je cin abinci ya kulle, in hira ta yi masa daɗi a layin masu nama ya manta da dawowa. Mata da yawa suka koma ƙishirwarsu ta da.

A wannan karon Yaya ba ta zo ofis ba, gidana ta zo, ranar Lahadi da hantsi. Ta ce, "Yau ba wajen ƙanwata na zo ba. Ɗauko min takardar dokarku ka karanta min. Karatuna ba ya sauri, kuma ba na so in tsallake komai."

Na ɗauko, na karanta mata tun daga farko. Ta tsayar da ni a wuri uku. Makulli sai ɗan ƙungiya. Zaɓen kwamiti sai ɗan ƙungiya. Ɗan ƙungiya kuwa shi ne wanda sunansa ke kan takardar rumfa.

"To ai ina da rumfa."

Ni kuwa na san abin da ke cikin fayil. Na ce, "Yaya, rumfarki da sunan Direba take."

"Direba? Mutumin da bai san bambancin shuɗi da kore ba?"

Na yi mata bayani. Fom ɗin da ake cikewa, layinsa na farko cewa ya yi "Sunan maigida". Haka na gaje shi, haka na yi ta buga shi shekara da shekaru. Mace in ta zo, sai mu tambaye ta sunan mijinta, in babu miji na wanta, in babu wa na ɗanta ko da yana goye. Cikin rumfa ɗari uku da wani abu da mata ke zama, goma sha ɗaya ne kawai da sunan mace.

Ta ce, "A dokar, ina aka ce mace ba ta sa sunanta?"

Na sake bin takardar layi layi, ina fatan in samu. Babu.

Ta miƙe ta gyara mayafinta. "To buga min fom ɗin canjin suna. Da yawa."

Na ce mata Ciyaman ba zai ji daɗi ba. Ta ce ba ta zo sayar masa da daɗi ba. Na buga mata hamsin, a zatona za su ishe ta har abada.

Direba ne ya fara dangwala hannu. An ce da ta kai masa takardar ya dube ta ya ce, "Da ma tawa ce?" Shi ke nan maganar da ya yi. Sauran ba su zo da sauƙi haka ba. Canjin suna sai mai tsohon sunan ya yarda, don haka sai da Yaya ta bi maza gida gida. Wani ya sa hannu yana dariya. Wani ya ce ta dawo gobe, goben ta kai wata huɗu, ita kuma ba ta fasa zuwa ba. Wani ya sakar mata kare. Wani tsoho ya ce shi bai ƙi ba, amma yana tsoron ranar da matarsa ta ga sunanta a takarda za ta daina gaishe shi. Yaya ta ce, "Baba, shekara talatin tana ciyar da kai ba takarda. In za ta raina ka ai da ta gama." Ya yi dariya har da hawaye, ya miƙo yatsa.

Akwai wadda abin ya ɓaci a kanta. Wata mai sayar da kayan miya, mijinta ya ji haushin zuwan Yaya, ya ce tun da kasuwa ta fara buɗe wa matarsa ido, ta zauna a gida. Ya sa ƙanensa a rumfar. Yaya ta je ba shi haƙuri sau uku, ya ƙi fitowa. Ranar ta zo gidanmu ta zauna a ɗakin ƙanwarta, ko abinci ba ta taɓa ba. Da za ta tafi na raka ta bakin ƙofa na ce, "Yaya, ko za ki ɗan sassauta?"

Ta ce, "Na yi kuskure. Na shiga gidan da faɗa a bakina, alhali matar ta gaya min halinsa. Wannan alhakina ne, zan ɗauka." Har ta fara tafiya, ta juyo. "Fom ɗin sun ƙare. Ƙaro min."

Daga ranar ba ta sake shiga gidan kowa ba sai ta tambayi matar gidan ta wace ƙofa ake bi wa mijinta. Wani wurin ta tafi da mai sabulu, wadda bakinta ke da zaƙi. Wani wurin ta aika Direba, ya je ya zauna da maigidan su yi shiru tare, ya dawo da takarda a sa hannu. Har yau ban san yadda yake yi ba.

Ciyaman ya kira ni ya tambaye ni wa ya ba ni izinin buga fom. Na ce doka ce, ranka ya daɗe. Na yi mamakin jin bakina ya faɗi haka. Wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Kafin zaɓe ya zagayo, mata ɗari da tamanin da shida sun shiga rajista da sunansu. Yaya ta tsaya takarar kujera ɗaya a kwamiti. Kowa ya ɗauka ta ci ta gama. Ni na ƙirga ƙuri'un a gaban jama'a, a kan teburin ofis, na kuma sake ƙirgawa don ban yarda da idona ba. Ta faɗi. Matan ma da yawa ba su zaɓe ta ba. Wata ta tuna ranar da Yaya ta kira ta malalaciya a wajen kwasar shara, wata ta tuna bulonta da aka mayar mata wai ya fashe. Ɗan Adam ke nan, ya sha ruwan rijiya ya tuna maginin ya taɓa harararsa.

Na same ta a rumfa da yamma tana jera zare kala kala, idonta ja. Na fara yi mata jaje, ta katse ni.

"Ƙuri'a nawa aka jefa gaba ɗaya?"

Na faɗa mata.

"Na mata nawa?"

"Ɗari da saba'in da ɗaya."

"To ka ga sun fito. Ni ce ba sa so, kuma suna da dalili, bakina ba shi da linzami. A nemo wadda suke so."

Sabon kwamitin da aka zaɓa ya san yanzu akwai ƙuri'a sama da ɗari da saba'in a layukan da da ba ya ko leƙawa. A zamansa na biyu aka karɓi makulli daga ƙanen ma'aji aka ba matan kasuwa. Yaya ta ce a cire kwaɗon gaba ɗaya da rana, ta tsara wa kowane layi ranar wankinsa, ta sa layin teloli a ranar kasuwa, ranar da ta fi kowace ƙazanta. Shekara shida ita ke fara zuwa da tsintsiya da bokiti a ranar layinsu.

A zaɓe na gaba ba ta tsaya ba. Ta tsayar da mai sabulu da wata tsohuwar malamar makaranta da ke sayar da littattafai, ta bi musu rumfa rumfa, tana cewa, "Ba ni ba ce, ku kwantar da hankalinku." Duka biyun suka ci. Ranar da suka fara zama, kujerun ofis ba su isa ba, sai da na aro biyu a wajen mai shayi. Malamar ce ta sa aka gyara fom, aka mayar da layin farko "Sunan mai rumfa". Su ne kuma suka sa aka kafa fitila a layin baya, aka yi rumfar inuwa inda masu shayarwa ke zama. Yanzu mata huɗu ne a kwamitin, ɗaya ita ce ma'aji. Yaya ba ta taɓa zama a kan kujerar ofishin nan ba, ko sau ɗaya.

Direba ya rasu shekara uku da suka wuce. Gwiwa ta hana Yaya tsayuwa, 'yarta ta biyu ce ke rumfar yanzu, ita kuma tana zuwa ta zauna a kan kujerar roba tana yi wa teloli faɗa kyauta. Ni ma na ajiye sakatarci, ido ya yi rauni.

Watan jiya ta aiko jikarta ta ce in zo da biro da takarda. Na tarar da ita a tsakar gida ta miƙe ƙafa a kan tabarma, kewaye da wasu mata biyar da ban sani ba, duk da na tabbata na sha wuce su. Masu sharar kasuwa ne da masu dakon kaya. Ba su da rumfa, don haka ba su da suna a rajista, ba su da ƙuri'a. In an kore su ba inda za su kai ƙara. Ɗaya daga cikinsu kwalba ta yanke ta a ƙafa tana shara, ta yi sati shida a kwance, da ta dawo ta tarar an ba wata tsintsiyarta.

Na ce, "Yaya, ai yanzu matanki ne a kwamitin. Ki yi musu magana kawai."

"Na yi. Sun ce doka ta ce sai mai rumfa." Ta yi tsaki. "Kujera ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Duk wanda ya hau sai ta koya masa barci. Zauna ka rubuta."

Na zauna a bakin tabarma, na ɗora takardar a gwiwa, na fara kamar yadda na saba: Muna roƙon kwamiti mai girma. Ta ce in karanta mata. Na karanta.

"Goge roƙon nan."

"To me zan sa?"

Ta juya ga matar da ta ji ciwo, wadda tun zuwana ba ta ɗago kai ba. "Ke, ƙafarki ce aka yanka, ba tawa ba. Faɗa masa abin da kike so, shi aikinsa rubutu. Ɗaga murya, kunnensa ma ya fara tafiya."

Matar ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta fara magana. Takardar da na zo da ita ba ta isa ba, sai da aka yago min wasu daga littafin makarantar jikar.